Kai ɗalibai Eden Camp, tsohon sansanin fursunonin yaƙi a Ingila

Eden Camp yana bayan garin Malton a Arewacin Yorkshire, daidai inda titin A169 mai zuwa Pickering ya rabu da babban titin A64 da ya taso daga Leeds, ya bi ta York, ya nufi Scarborough. Yau gidan tarihi ne na Yaƙin Duniya na Biyu, wato yaƙin Hitila, kuma makarantun arewacin Ingila suna yawan kai yara can, musamman 'yan ajin ƙarshe na firamare masu shekara 10 zuwa 11 da 'yan aji uku na sakandare masu shekara 13 zuwa 14. Kafin ya zama gidan tarihi, sansanin fursunonin yaƙi ne mai lamba 83. Mu da muke koyar da tarihi, muke kuma raka yara wurin, abin da ya fi damun mu ɗaya ne. Yaro zai yini a can, ya ga tankoki, ya ji jiniya, ya shaƙi hayaƙi, ya koma gida bai gane cewa ɗakunan da ya ratsa mutane ne suka kwana a cikinsu shekara da shekaru bayan waya mai ƙaya ba. Duk shirin da muke yi don kauce wa wannan ne.

Malami ya fara riƙe tarihin wurin a ka. A farkon 1942 aka kafa shinge da tantuna, aka kawo Italiyawa kimanin 250 da aka kamo a fagen daga na Arewacin Afirka. Su ne suka gina ɗakunan dindindin, har 45, dogaye irin na barikin soja. Italiyawa suka zauna zuwa 1944, Jamusawa suka maye gurbinsu har 1948. Lokacin da sansanin ya cika yakan ɗauki mutum wajen 1,200. Aikinsu noma ne a gonakin da ke kewaye, domin samarin ƙasar sun tafi yaƙi. Bayan an sallame su wurin ya yi ta sauya hannu har 1985, lokacin da wani ɗan kasuwa, Stan Johnson, ya saye shi da niyyar kafa masana'antar soyayyen dankali. Wasu tsofaffin fursunoni Italiyawa suka zo neman izinin su ga inda aka taɓa tsare su, daga nan tunanin ya sauya, aka buɗe gidan tarihin a 1987. Ɗakuna 33 ne suka rage. An yi ɗaruruwan sansanoni irin wannan a Birtaniya, amma kaɗan ƙwarai ne suke tsaye da fasalinsu na asali, shi ya sa ginin kansa ya fi duk abin da aka jera a cikinsa daraja.

Shiri yana farawa mako takwas zuwa goma kafin ranar. Abu na farko a tsayar da rana da gidan tarihin, a tambaya ko suna buɗe, domin sukan rufe wani ɓangare na hunturu, sannan a tambayi yawan makarantun da suka riga suka kama ranar. Wannan tambaya ta biyu ita ce ake mantawa. Watan Yuni da farkon Yuli makarantun firamare suna yin dandazo bayan sun gama jarrabawa, kuma hanyar da ke cikin ɗakunan siririya ce, idan makarantu huɗu suka haɗu sai a yi ta jira a ƙofa. Ƙarshen Satumba zuwa Oktoba, ko Afrilu, sun fi sauƙi.

Sai mota. Manyan bas na haya galibi kujera 49 ko 53 ne. Aji uku masu yara 90 da manya 10 mutum 100 ke nan, bas biyu masu kujera 53 sun isa, da rarar kujera shida. Kada a cike kowace kujera, ana buƙatar ta gaba a bar ta ga wanda mota ke sa wa amai. A tabbatar kowace kujera tana da bel, a kuma rubuta wa kamfanin lokacin tashi da na dawowa a takarda. Daga York tafiyar wajen mil 20 ce, daga Leeds kuwa a ware awa ɗaya da 'yan mintoci. A64 yana cunkushewa a gabashin York duk ranar da rana ta fito, saboda masu zuwa bakin teku a Scarborough, don haka a ƙara minti 20 a lissafi. Makarantar da ke nesa ta tuna doka ta wajabta wa direba hutun minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Sau da yawa kuɗin bas yana fin kuɗin shiga, saboda haka sai an karɓi farashin bas a rubuce kafin a faɗa wa iyaye abin da ya hau kan kowane yaro.

Iyaye da suka zo ƙasar ba da daɗewa ba su lura da wannan. A dokar Ingila makarantar gwamnati ba ta da ikon tilasta biyan kuɗin ziyarar karatu da ta faɗo cikin lokacin makaranta. Gudummawa ce ta ganin dama, kuma ba a barin yaro a baya don iyayensa ba su biya ba. Abin da makaranta za ta iya yi shi ne ta soke tafiyar idan kuɗin da aka tara bai kai ba, kuma ya kamata wasiƙar ta faɗi haka ƙarara. Muna ganin iyaye suna hana yaro zuwa don kunyar cewa babu, alhali babu wanda zai tambaye su dalili. Yaron da ke cin abincin makaranta kyauta kuma yana da haƙƙin a ƙunsa masa nasa ya tafi da shi, sai dai a sanar da masu girki da mako guda.

Takardar izinin iyaye ta wannan tafiya ba irin ta zuwa gidan namun daji ba ce. Ban da lambar waya da magunguna da abincin da yaro ba ya ci, muna ƙara tambayoyi uku: ko yaron yana da asma, ko duhu da ƙara mai ƙarfi suna firgita shi, da ko shi ko iyalinsa sun taɓa rayuwa a inda ake yaƙi. Dalili shi ne gidan tarihin yana aiki da sauti da wari da hayaƙi da mutum-mutumi. Ɗaki mai lamba 5, na luguden bama-bamai da Jamus ta yi wa biranen Birtaniya daga 1940, an mai da shi titin da aka ruguza, da duhu da jiniya da ƙaurin ƙuna. Ɗaki mai lamba 3, na jiragen Jamus masu nutso a teku, matsattse ne kuma babu haske sosai. Yaron da ya baro Khartum ko Siriya ko Yukiren bai ɗauki wannan wasa ba. Ba ma hana shi zuwa. Muna gaya masa tun a makaranta abin da ke cikin ɗakin, mu ba shi zaɓi ya shiga ko ya zagaya ta waje tare da babba ya tarbi 'yan rukuninsa a ƙofar fita, kuma ba a yin wannan magana a gaban aji.

Dole malami ɗaya aƙalla ya je ya ga wurin da idonsa kafin ranar, ya bi ɗakunan da agogo a hannu, ya san inda bayi yake da inda za a ci abinci da inda za a taru idan wani ya ɓace. Daga abin da ya gani ake rubuta takardar auna haɗari, a miƙa wa jami'in makaranta mai kula da ziyarce-ziyarce, shugaban makaranta ya sa hannu. Babu dokar da ta kafa adadin manya, amma a wannan wuri muna riƙe da babba ɗaya ga yara 10, ko da 'yan sakandare ne, saboda a cikin ɗakin wanda ke gaba ba ya ganin wanda ke baya. Uba ko uwa da suka zo taimako ba tare da binciken DBS ba, wato tantancewar da hukuma ke yi wa masu aiki da yara, ba a bar musu rukuni su kaɗai, suna tafiya ne tare da malami.

Darasin da ya fi muhimmanci ana yin sa kwana biyu ko uku kafin tafiya, kuma kan Yarjejeniyar Janiba ta 1929 yake, wadda ta tsara yadda za a riƙe fursunonin yaƙi. Yara su fita daga ajin da abu huɗu. Ana iya sa ƙaramin soja da aka kama aiki, amma ba aikin da ya shafi yaƙi kai tsaye ba, kamar ƙera makamai ko jigilarsu. Ba a tilasta wa hafsa aiki. Abincin fursuna ya zama daidai da na sojan ƙasar da ke riƙe da shi a bariki. Yana da damar aika wasiƙa da karɓa. Da waɗannan huɗu a hannu, yaro yana da ma'aunin da zai auna duk abin da zai gani. Kowane yaro muna ba shi takarda ɗaya tak mai tambaya shida da fensir. Takardun aiki masu shafi takwas suna kashe ziyara: yaran sai su koma farautar amsa a jikin allunan bayani, ba sa ɗaga kai su dubi rufi da bango. Biro kuma ba ya rubutu a takardar da ta jiƙe.

Ranar tafiya ana taruwa 8:00, a ƙirga, a karɓi magunguna. Abin shaƙa na mai asma yana aljihun babban da ke rukuninsa, ba a jakar da aka bari cikin bas ba. Kowa ya zo da rigar ruwa da takalmi rufaffe ko da gari ya waye da rana, domin tsakanin ɗaki da ɗaki fili ne, kuma ɗakunan suna riƙe sanyi. Ana ƙirga yara a wurin hawa, a wurin sauka, kafin abinci, bayan abinci, da kafin a tashi, kuma da suna ake kira, ba da kai ba, don yaro yakan sauya bas ya bi abokinsa.

Idan aka sauka wajen 10:00, idon yara yana kan jiragen yaƙi da tankokin da ke fili. Muna barin su su kalla minti biyar daga inda suke tsaye, mu yi musu alkawarin minti 20 a ƙarshe, sannan mu juya da su su fuskanci shinge da jerin ɗakunan. Nan ake yin tambayar farko: wa ya gina wannan, kuma don wa? Amsar cewa waɗanda aka tsare su ne suka gina wurin tsare kansu tana sa su yin shiru fiye da duk wani bayani.

Ɗakunan suna da lamba, kuma yawancin baƙi suna farawa daga na 1, na hawan Hitila mulki, su bi a jere. Makaranta ba ta da lokacin wannan. Awa huɗu ake da su, a cire minti 30 na abinci, a cire na bayi da na tankoki da na kanti, abin da ya rage bai fi awa biyu da rabi ba. Idan kowane ɗaki ya ci minti 15, har da tafiya, ɗakuna tara ko goma ne iyaka. Wanda ya ce sai ya ga 33 zai bi su da gudu, ya isa ɗakin fursunoni bayan yara sun gaji. Saboda haka muna zaɓa tun daga makaranta, mu rarraba rukunoni su fara daga wurare daban-daban, tare da sharaɗi guda: kowane rukuni ya shiga ɗaki mai lamba 10, na fursunonin yaƙi, kafin abincin rana, kuma ya yi minti 25 a ciki.

A nan aikin yake. Kafin a shiga, yara su auna tsawon ɗakin da faɗinsa da taku daga waje, su rubuta. A ciki sai a gaya musu mutum wajen 60 ne ke kwana a ɗaki irin wannan, a gadaje masu hawa biyu, da murhun ƙarfe don ɗumi. Aji biyu ke nan a ɗaki ɗaya, kowa da kayansa. Su raba, su ga filin da ya rage wa mutum guda. Daga nan ake shiga rayuwar yau da kullum: kiran suna safe da yamma, motar da ke kwasar su zuwa gona, tonon dankali da gwozar da ake yin sukari da ita da yasar magudanan ruwa a sanyin Yorkshire ga mutumin da ya taso a kudancin Italiya. Tufafinsu kakin soja ne da aka rina, aka ɗinka masa manyan faci masu launi don a gane su daga nesa. Ladan aikinsu ba da kuɗin gari ake biya ba, da takardun sansani ne da ba sa aiki sai a kantin cikin shinge. Shi ya sa suka riƙa sassaƙa kayan wasan yara da guntayen katako, suna saƙa silifa da igiya, suna musaya da mutanen ƙauye. Duk abin hannu irin wannan da aka ajiye a gilashi, a tsayar da yara a kansa, a tambaye su da me aka yi shi, kuma me mai yin sa yake nema.

Bambanci tsakanin Italiyawa da Jamusawa yana ruɗa yara, sai an warware shi a nan. Italiya ta ajiye makamai a Satumbar 1943, kuma daga 1944 aka ba fursunoninta zaɓin ba da haɗin kai, waɗanda suka yarda aka sassauta musu. Jamusawa kuwa sun fara kwararowa ne bayan saukar sojojin ƙawance, wato Birtaniya da Amurka da abokansu, a Normandi ta Faransa a Yunin 1944. An tantance su gida uku bisa aƙidarsu: farare masu adawa da 'yan Nazi, masu ruwan toka a tsakiya, da baƙaƙe masu tsananin biyayya ga Hitila. A 1946 yawansu a Birtaniya ya kai kusan 400,000, kuma an haramta wa 'yan ƙasa yin hulɗa da su har zuwa Disambar wannan shekara. Wajen 25,000 suka zaɓi zama bayan an sallame su. Misalin da ke kama yara maza shi ne Bert Trautmann, wanda aka tsare a wani sansani a Lancashire, ya zama mai tsaron gidan Manchester City, ya ƙarasa wasan ƙarshe na kofin FA na 1956 da karyayyen ƙashin wuya.

Tambayar da muke so ta fito daga bakin yara ita ce ta shekaru. Yaƙi ya ƙare a Turai a Mayun 1945, don me wani zai ci gaba da zama bayan waya har 1948? Birtaniya tana buƙatar hannaye a gona, ba a kuma ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya da Jamus ba, an fake da wannan. Tun a lokacin akwai 'yan majalisa da malaman coci da suka ce abin bai dace ba. Ba ma yanke wa yara hukunci, muna sa su koma ga abu huɗun nan na Janiba su yi gardama da hujja.

Akwai haɗari ɗaya da malami zai tsare. Yaro yana iya ganin fursuna yana noma yana sassaƙa, ya ɗauka haka zaman fursunan yaƙi yake a ko'ina. Sai a ba shi wasu alƙaluma ya ajiye gefe. Sojojin Tarayyar Sobiyat kimanin miliyan 5.7 Jamus ta kama, sama da miliyan 3 suka mutu a hannunta. A layin dogo na kilomita 415 da Japan ta gina tsakanin Tailan da Boma a 1942 zuwa 1943, fursunonin ƙawance sama da 12,000 suka mutu, leburorin Asiya da suka mutu kuwa sun ninka haka sau da yawa.

Gidan tarihin na Birtaniya ne, labarin mutanenta ya fi bayarwa, kuma hakan ba laifi ba ne. Ragowar labarin kuwa malami ne zai kawo, musamman idan a ajin akwai 'ya'yan Afirka ta Yamma. A 1941, shekara guda kafin Italiyawan farko su iso Malton, sojojin Najeriya suna cikin waɗanda suka karɓe Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairu, suka nausa har Harar a Habasha. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma sun yi yaƙi a Boma, da Hausawa birjik a cikinsu. A ɓangaren Faransa, dubban sojojin Afirka da Jamus ta kama a 1940 an tsare su a sansanoni cikin Faransa kanta, ciki har da Léopold Sédar Senghor wanda daga baya ya shugabanci Senegal. Wasu daga cikin waɗanda suka tsira aka mai da su Thiaroye kusa da Dakar, suka nemi haƙƙinsu na albashi, sojan Faransa ya buɗe musu wuta ranar 1 ga Disamba 1944. Minti biyar sun isa a faɗi wannan a tsaye gaban ɗakin, kuma yaron da kakan mahaifinsa ya je Boma yakan koma gida da tambayoyi.

Abincin rana a kama wurin zama tun lokacin da ake tsayar da rana, kada a bari sai an iso. Ga yara Musulmi ƙunshin gida ya fi kwanciyar hankali. Sallah ma a lissafa ta: a Nuwamba azahar tana shiga kafin 12:00, la'asar kafin 2:00, duka biyun suna faɗowa cikin ziyarar, alhali a Yuni azahar sai bayan 1:00. A nemi ma'aikatan wurin tun da wuri su nuna kusurwa mai tsabta, yara su zo da alwala daga gida. Idan ranar ta faɗo cikin azumi, gara a ɗaga ta.

Bayan abinci hankalin yara yana raguwa, nan ne wurin ɗakin luguden bama-bamai da na jiragen nutso da wasan 'yar tsana na waƙoƙin lokacin yaƙi a ɗaki mai lamba 6, wanda yake da lokutansa, sai a tambaya da safe. Kanti shi ne ke cinye lokaci. A ƙayyade kuɗin kashewa a wasiƙar iyaye, fam biyar ya isa, a shigar da rukuni ɗaya bayan ɗaya, minti bakwai kowanne, sauran suna wajen tankoki. Makarantar da ke son isa gida 3:30 daga nisan Leeds ta tayar da mota 2:00. Idan an makara, ofishin makaranta ne ke aika wa iyaye saƙo, ba malamin da ke kula da yara a bas ba.

Darasin bayan dawowa kada ya wuce kwana biyu. Muna sa kowane yaro ya rubuta wasiƙar fursuna zuwa gida, layi 20 kacal, ya zaɓi ko Ba'italiye ne a 1943 ko Bajamushe a 1947, ya kuma tuna cewa jami'in sansani zai karanta kafin ta fita. Sai su yi musayar wasiƙu, kowa ya zama mai tacewa, ya soke da baƙin alƙalami duk abin da yake ganin ba za a bari ya wuce ba. Kurakuran da ke fitowa kusan iri ɗaya ne kowace shekara. Wasu suna rubuta duka da yunwa irin ta sansanonin Japan, wasu suna sa Ba'italiye yana jin bama-bamai suna sauka a Malton saboda ɗaki mai lamba 5 ya zauna musu a kai, wasu kuma suna sa Bajamushen 1947 yana fatan a ci yaƙin da aka gama shekara biyu da suka wuce. Kowane kuskure yana nuna ɗakin da ya rinjayi ɗakin fursunoni a ƙwaƙwalwar yaron. Muna mayar masa da takardarsa ta tambaya shida da awon takun da ya yi, ya sake rubuta wasiƙar, ya ja layi ƙarƙashin abu uku da ya gani da idonsa a sansanin.